Safar hannu ta fata, walki da hular walda: abin da suka tare mana da abin da ba su tare ba

Kaya uku ne zan yi magana a kansu, kuma duk a shago ɗaya na saye su, cikin masu kayan ƙarfe a Kasuwar Ƙofar Ruwa nan Kano: doguwar safar hannu ta fatar saniya mai kaiwa kusan gwiwar hannu, walki na fata, da hular walda irin wadda gilashinta ke yin duhu da kansa da zarar wuta ta tashi. Sana'ata walda ce. Ƙofofi da tagogi da ƙafafun tankin ruwa muke yi, ni da yaran da ke koyon aiki a wurina. Kayan sun ga zafin bazara, sun ga damina, sun ga hunturu a hannunmu, don haka ina da bakin magana a kansu. Dalilin da ya sa na zauna rubutu kuwa shi ne, tun da maƙwabta suka ga safar a hannun yarana, kowa mai aiki da wuta a layinmu ya ɗauka ta dace da shi. Ba haka abin yake ba, kuma kuskuren na iya jawo wa mutum ƙuna mai muni.

Bari in fara da safar, don ita ce ta fi ɗaukar hankalin mutane. Fatar mai kauri ce, ba a goge ta ba, cikinta an shimfiɗa yadin auduga. A aikin da aka yi ta dominsa ba ni da abin cewa sai yabo. Duk wanda ya taɓa walda sama da kansa, misali yana haɗa ƙarfen rumfa, ya san yadda tartsatsi ke gangarowa ya shige ta hannun riga ya tsaya a lanƙwasar gwiwar hannu. Ba ka da damar sakin aiki, sai dai ka cije ka ƙarasa, in ka sauko ka tarar wurin ya yi bororo. Tsawon safar nan ya kashe wannan matsalar gaba ɗaya. Bayan hannun yarana, wanda da yake cike da ɗigo-ɗigon tabo sabo a kan tsoho, yanzu tsofaffin ne kawai suka rage. Hasken walda ma da ke gasa fata har ta yi ja ta saɓule, ba ya ratsa ta.

A jikin takardar da aka ɗinke a bakin safar akwai hoton harshen wuta, an rubuta EN 407, a ƙarƙashinsa kuma alamomi shida: 413X4X. Mai shagon ya ce mini lambar kamfani ce. Wani abokin cinikina injiniya, da ya zo karɓar ƙofa, shi ya zauna ya warware mini ita, daga baya kuma na bi na tabbatar. Ma'auni ne na ƙasashen Turai, kowace alama da irin zafin da aka gwada safar da shi. Ta farko juriyar harshen wuta ce, 4 kuma shi ne matakin ƙarshe. Ta biyu riƙe abu mai zafi ne. Ta uku zafin da iska ke ɗaukowa, ta huɗu hucin da ke dukan mutum daga nesa, ta biyar ƙananan tartsatsin narkakken ƙarfe, ta shida kuma narkakken ƙarfe mai yawa in ya kwararo. Inda aka sa X, ba a gwada ta a wannan fannin ba ke nan. Alama ta biyun ita ce ya kamata kowa ya haddace: 1 na nufin digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, 2 digiri 250, 3 digiri 350, 4 digiri 500, kuma duka na daƙiƙa 15 ne kacal kafin zafin ya fara isa fata. Tawa 1 ce. Wato safar da ta ci maki cikakke wajen tare tartsatsi, wajen riƙe ƙarfe mai zafi ba a yi mata alkawarin da ya wuce zafin tafasasshen ruwa ba.

Na ga gaskiyar wannan da idona. Ɗaya daga cikin yaran ya gama haɗa kusurwar firam, ya ɗauka tun da akwai safa a hannunsa zai iya juya ƙarfen nan take. Bai ƙone sosai ba, don ya yi saurin saki ya zare hannunsa, amma fatar yatsun safar ta ƙanƙance ta yi tauri, har yau ba ta koma daidai ba. Abin da ya fi ba shi tsoro, in ji shi, zafin bai zo lokacin da ya riƙe ba, sai bayan ya saki ya ci gaba da shigowa. Fata mai kauri tana jinkirta zafi, sannan tana adana shi. Tun daga ranar na kafa doka: ƙarfen da aka gama waldarsa da awartaki ko filaya ake ɗaukarsa, ko da safa ko babu.

Aibinta na gaskiya a ɗinki yake. A tafin hannu da zare mai launin rawaya aka ɗinke ta, irin wanda ba ya narkewa, amma gindin babban yatsa zaren talakawa ne, kuma nan ne wurin da ya fi shan wuta a hannun hagu. Nan ta fara buɗewa. Na kai wa baduku ya sa mata faci na fata ya juya ɗinkin ciki, ta ci gaba da aiki. Sannan girma ɗaya kawai shagon yake kawowa, na manya. Yaro ɗan shekara goma sha biyar hannunsa yawo yake a ciki, ba ya iya ɗaukar sandar walda ya maƙala, sai ya cire safar ya sa da hannu tsirara, nan kuma ake samun jan wuta. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin yaran koyo su ne suka fi kowa ƙonewa.

In ta jiƙe kuwa, ajiye ta. Da damina ko gumin watan Afrilu, jiƙaƙƙiyar fata tana wuce da lantarki, kuma tana wuce da zafi fiye da busasshiya. Biyu-biyu ya kamata mutum ya saya, ɗaya na hannu ɗaya na shan iska.

Yanzu ga maganar maƙwabta. Mai gidan burodin da ke bayanmu ya je ya sayo wa masu fitar masa da gwangwani daga tanda irin tawa. Tandar burodi tana haura digiri 200, safar kuma an auna ta a 100. Da farko sun ji daɗinta, don ta fi tsumman da suka saba naɗewa, kuma tana kare damtse daga bakin tanda, inda masu wannan aiki suka fi samun layi-layin ƙuna. Amma gidan burodi wuri ne na ruwa da mai. Safar ta sha man shafe gwangwani, ta sha danshin hannu. Wata safiya ɗaya daga cikin ma'aikatan ya wanke hannu ya zura a ciki bai goge ba, ya jawo faranti cike. Danshin ya zama tururi a cikin safar, shi kuma ba shi da inda zai dire farantin sai da ya taka zuwa tebur. Tafin hannunsa da yatsu huɗu suka yi bororo. Mai gidan ya zo yana cewa kayan jabu ne. Na ce masa, Alhaji, ba jabu ba ne, ba na aikinka ba ne. Abin da yake bukata safar tanda ce wadda alamarta ta biyu ta kai 2 ko 3, kuma busasshiya a kowane lokaci.

Hajiya mai ƙosai da ke bakin titi ma ta aiko 'yarta ta tambaye ni ko zan sayo mata. Na je da kaina na ce, Hajiya, don Allah ki rufa wa kanki asiri, kada ki sa wannan a gaban kasko. Man suya yana kai digiri 170 zuwa 190. In ya fantsamo a fata tsirara, ɗigo ne, ki share ki zuba ruwa. In ya kwarara a kan safar fata, za ta shanye shi ta riƙe shi a jikin hannunki har sai kin samu kin zare, kuma kaurinta zai hana ki jin riƙon cokali yadda kika saba. Abin da ke ƙona masu tuya ba rashin safa ba ne. Kasko ne da ke zaune a kan duwatsun da ba su daidaita ba, da gefen zani ko mayafi da ke lilo kusa da wuta, da ruwa da ke faɗawa cikin mai, da yara masu wasa a gindin murhu. Abin da na yi mata shi ne murhun ƙarfe mai faɗin gindi da zobe da kaskon ke zama a ciki ba ya motsi, na kuma ƙara wa cokalinta tsawon mariƙi. Wannan ya fi mata safa goma.

Mai tsire na iya amfana da ita, wannan na yarda, don hucin garwashi ne ke gasa masa damtse, kuma busasshen zafi ne. Masu narka alminiyam suna zuba tukwane kuwa, su tuna da X ɗin nan na ƙarshe. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma in ya haɗu da danshi a cikin ƙasar zubi tartsatsi yake yi ya watsu. Safar ta fi babu nesa ba kusa ba, amma ba a gwada ta da irin wannan kwarara ba, kuma su ƙafa ce ma ta fi shiga haɗari, don da silifa suke aiki.

Akwai kuma masu ƙonewa ba tare da sun ga wuta ba, waɗanda safar fata ba ta da abin da za ta yi musu. Mai gyaran batir, ruwan batir cinye fata yake yi, ta safar da ta mutum. Mata masu haɗa sabulu da soda, haka. Lebura mai kwaɓa siminti da ƙafa ko da takalmin da ya huje, ɗanyen siminti yana cin fata a hankali ba tare da raɗaɗi ba, sai dare ya ga ƙafa ta yi gyambo. Duk waɗannan safar roba mai kauri suke bukata, da dogon takalmin roba, da gilashin ido. Mai aikin wutar lantarki kuma kada ya kuskura ya ɗauki safar walda a matsayin kariya daga waya mai rai. Tasu daban ce, ta roba ce da aka auna da ƙarfin wuta. Shagon da na yi sayayya ba ya ajiye ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma duk wanda ya zo ya ce yana son safar aiki, wannan ta fatar ake miƙa masa. A nan ne na fi ganin gazawarsu. Mutanen kirki ne, ba su tsauwala mini ba, sun ma canza mini hular farko da na ga tsaga a jikinta ba tare da gardama ba. Amma tambaya ɗaya, "Malam, wane aiki kake yi?", da ta hana abin da ya faru a gidan burodi.

Walkin ba shi da dogon labari. Kakanninmu maƙera da shi suka yi aiki a gaban zuga-zugi, kuma dalilin bai canza ba. Yana da nauyi, yana da zafi, igiyar wuyansa siririya ce tana cin wuya sai da na sauya ta da mai faɗi. Amma ga abin da ya sa ba na sassautawa a kansa: yaran yanzu rigar ƙwallo suke zuwa aiki da ita. Yadin roba ne. Auduga in tartsatsi ya faɗa mata huda yake yi, ka kakkaɓe. Rigar ƙwallo narkewa take yi ta manne a fata, ta ci gaba da ci. Lokacin yankan ƙarfe da inji, tartsatsin a ciki da cinya yake sauka ba ƙaƙƙautawa. Walkin ya tare wannan duka, fuskarsa ta yi baƙi ta yi ƙyalli amma ko huda ɗaya babu. Ya tsaya a gwiwa, saboda haka ƙafa tana nan a buɗe. Kashin walda, wato dattin da ke ɓarewa daga wurin da aka haɗa, in ya faɗa da zafinsa tsakanin yatsun ƙafa ko ya shige bakin takalmi, kafin ka cire ya gama aikinsa. Takalmin fata rufaffe, wando ya sauko a kansa, kuma kada a naɗe ƙafar wandon, don naɗin nan aljihu ne na tara wuta.

Hular ita ce ta fi tsada a cikin ukun, ita ce kuma wadda in aka ce in zaɓi ɗaya zan ɗauka. Ƙunar da ta fi yawa a sana'armu ba ta hannu ba ce, ta ido ce. Mu kan ce walda ta shiga ido. Hasken ne ke ƙona fatar ƙwayar ido, kuma ba ya nuna kansa sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, shi ya sa da tsakar dare yake tayar da mutum, ido na zubar da ruwa kamar an cika shi da yashi. Yawanci yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake raina shi. Baƙin tabarau na kasuwa da yawancinmu ke sawa ba ya tare wannan hasken yadda ya kamata, kuma ya bar fuska da wuya a fili. Garkuwar hannu ta gargajiya tana tarewa, amma tana cinye hannu ɗaya, kuma sai ka ɗaga ta ka ga inda za ka ɗosa, a nan hasken ke samunka. Wannan hular kana gani tar kafin ka fara, wuta na tashi ta rufe. Tana da maɓallin duhu daga 9 zuwa 13. A sandar walda mai kaurin milimita 2.5 da 3.2 da muka fi amfani da su, 10 ko 11 ya ishe ni. Tun da ta shigo shagon ba a sake aiko mini da safe cewa wane ba zai zo ba ido ya kumbura ba, sai dai yaron da ke riƙe wa mai walda ƙarfe, wanda shi ba hula a kansa. Wannan ya nuna mini cewa hula ɗaya ba ta isa shago ba.

Inda ta gaza: a tsakar rana in muna aiki a waje, hasken rana kan sa ta yi duhu ba a fara ba, sai an rage mata ji. Robar da ke riƙe kai ba ta da ƙwari, maɗaurinta na baya ya saki da wuri. Farin gilashin gaba, wanda ke kare mai tsadar, yana cika da ɗigon tartsatsi har gani ya dushe, kuma shagon ba ya sayar da na canji daidai girmansa. Kafin ka biya, ka sa a ba ka na canji, kuma ka gwada ta a gabansu: ka kunna ashana ko laita a gaban gilashin, in ba ta rufe nan take ba, ka ajiye musu.

Akwai ƙunar da babu kayan da ke tare ta, kuma dole in faɗa don 'yan'uwana masu walda. Tankin mai, ko duro da aka taɓa zuba fetur, ko da ya yi wata a bushe. Ba man ne ke fashewa ba, tururinsa ne da ya rage a ciki. Ni ba na karɓar wannan aikin, ko nawa za a biya.

Abu na huɗu da ke shagona ba a kasuwa na saye shi a matsayin kayan kariya ba: jarkar ruwa mai tsabta da ba a taɓa ta sai don wannan. Ranar da yaron bakanike na kusa da mu ya buɗe murfin lagireton mota yana tafasa, ruwa da tururi suka watsar masa a ƙirji da damtse, kafin ka ce kwabo an kawo ɗanyen ƙwai, wani ya kawo man goge baki, wani na cewa a shafa baƙin mai. Na roƙe su su dakata, muka cire masa riga da agogo, muka yi ta kwarara masa ruwa har jarkar ta ƙare aka ɗebo wata, sannan muka rufe wurin da leda mai tsabta muka tafi asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe shi ta ce da an shafa waɗancan abubuwan sai an kankare su kafin a ga ciwon, kuma su ne ke jawo ruɓa. Ƙa'idar ita ce ruwa mai sanyi yana gudana na minti 20, ba ƙanƙara ba, kuma yana da amfani ko da an yi jinkiri har zuwa awa uku. Kada a fasa bororo, kada a fizge tufar da ta manne. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, ko hannu, ko gaba, ko kan gaɓa, ko ta lantarki, ko ta ruwan batir da soda, ta asibiti ce ba ta kemis ba. Ta lantarki musamman tana yaudara, bakinta ƙarami amma ɓarnar tana ciki. Ƙunar da kuma ta yi fari ko ta yi baƙi ba ta zafi, ita ce mafi zurfi. A tuna da allurar tetanus.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Waɗanda ba su mutu ba amma yatsu suka ƙanƙame, ko ido ya raunana, su muke gani a layinmu. A Najeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, inda mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya domin a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki. A ƙananan shaguna irin namu ba a ko zancenta. Yaro in ya ƙone, aljihun maigida ne da na iyayensa, ga kwanakin da zai yi ba aiki. Kuɗin kayan nan uku gaba ɗaya bai kai abin da bakaniken nan ya kashe a wankin ciwo kaɗai ba.

Ga mai walda da maƙeri da mai yankan ƙarfe, ina ba da shawarar a sayi duka ukun, a fara da hula. Safar a duba gindin babban yatsa kafin a biya, a kuma karanta alamomin shida. Na koma shagon na roƙe su abu uku: su kawo ƙaramin girma saboda yaran koyo, su ajiye gilashin canji, su kuma sa safar roba da ta tanda a gefe don masu wasu sana'o'in. Mai shagon ya rubuta a littafinsa, ya ce zai yi wa mai kawo masa kaya daga Legas magana. Ƙaramin girman ne na fi matsa masa a kai, don akwai yara biyu a wurina da har yanzu ba su da safar da ta zauna musu a hannu.